Yadda Za Ka Kama Hali Mai Kyau Ka Rabu da Mummuna, Kaɗan-Kaɗan

Tambayar yadda ake kama hali mai kyau a rabu da mummuna ba ta yankewa, kuma ta fi yawa 'yan makonni bayan Ƙaramar Salla. Mutum ya yi wata guda yana tashi sahur, yana karanta izu biyu kullum, yana yini bai kunna sigari ba, amma kafin Shawwal ya raba tsakiya komai ya koma yadda yake. Matasa a Gusau da Ƙauran Namoda suna kukan waya ta hana su barci. Mata masu sana'ar gida a Argungu da Jega suna cewa riba ba ta kwana a hannu. Duk tambaya ɗaya ce: ta ina ake farawa, kuma me ke sa a ɗore?

Abin da ya riƙe ka a azumi tsari ne. Lokaci sananne ne, kowa na yi, abincin ma ba ya gabanka da rana. Da tsarin ya tafi sai niyya ta rage ita kaɗai, ita kuwa ba ta jure gajiya da yunwa da zafin rana. Matakan da ke ƙasa hanya ce ta gina ƙaramin tsari naka na kanka. A bi su a jere, don yawancin masu faɗuwa tsallake na farko da na uku suke yi.

Kayan aiki

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta, biro da za a ɗaure masa da zare don kada yara su ɗauke, da kalandar bango, ko da irin wadda ake rabawa kyauta ce. Mai son ajiya ya ƙara da asusu. Mai fama da waya ya nemi agogo mai ƙararrawa ko ƙaramar waya mai tocila. 

Mataki na 1: Mako guda na lura kawai

Kwana bakwai cur, har da Juma'a da ranar kasuwar garinku, domin waɗannan ranaku ba sa tafiya kamar sauran. Ka ja layi huɗu a shafi: lokaci, wuri, wanda kake tare da shi, da abin da kake ji a jikinka ko a ranka. Duk sanda ka aikata abin da kake son bari, ka cike layin nan take. Misali: "Ƙarfe 9 na dare, teburin mai shayi, da abokai uku, na gaji." Ko: "Bayan Azahar, shago, ni kaɗai, babu ciniki."

Idan waya ce matsalar, ita kanta tana riƙe da lissafin. A Tecno, Infinix, Itel ko Samsung ka shiga Settings ka nemi Digital Wellbeing; a iPhone sunansa Screen Time. Zai nuna maka awa nawa TikTok ko WhatsApp ya ci a kowace rana. Ka kwafe adadin a littafi. Idan kuɗi ne, ka rubuta duk abin da ya fita, har Naira 50 ta ruwan leda da kuɗin kabu-kabu.

Hattara: kada ka fara gyara komai a wannan mako, ko da abin da ka gani ya ba ka kunya. Kuma kada ka bari sai dare ka rubuta daga ka. Ƙwaƙwalwa tana yi wa mai ita sassauci, karan sigari goma sai ta mayar shida.

A ƙarshen mako ka duba abin da ya fi maimaituwa. Kusan kullum za ka tarar da wuri biyu ko uku da lokaci biyu ko uku ne ke ɗauke da mafi yawan abin.

Mataki na 2: Zaɓi abu ɗaya

Ɗaya tak. Wanda ya ce daga Asabar zai bar goro, ya fara motsa jiki, ya koma Islamiyya, ya buɗe asusu, da wuya ya kai Laraba. Idan ka rasa wanda za ka fara da shi, fara da lokacin kwanciya. Mai kwana a kan waya har ƙarfe biyu shi ne mai makara Asuba, shi ne mai neman goro ko shayi mai kauri da safe, shi ne mai saurin fushi a gida.

Sannan ka mayar da shi aikin da ido zai iya gani. "Zan gyara ibadata" buri ne. "Zan karanta rabin shafi" aiki ne. "Zan rage ɓarnar kuɗi" ba a iya auna shi, amma "zan jefa Naira 200 a asusu" ko an yi ko ba a yi ba.

Mataki na 3: Rage shi har ya ba ka dariya

Nan ne mutane suka fi gardama, domin gani suke ƙaramin abu raini ne. Ma'aunin shi ne wannan: ka tuna ranarka mafi muni, ranar da aka kwana babu wuta cikin zafin Afrilu, ka tashi da ciwon kai, yaro ba lafiya, ga baƙi. Abin da za ka iya yi a irin wannan rana, shi ne girman da za ka fara da shi.

Karatun Alƙur'ani: rabin shafi, ko layi biyar. Motsa jiki: tafiyar minti biyar, zuwa ƙarshen layi a dawo. Ajiya: Naira 100 ko 200. Lissafin shago: layi uku kawai, abin da ya shigo, abin da ya fita, da bashin da aka ɗauka. Bitar ɗalibi: tambaya ɗaya daga tsofaffin takardun jarrabawa.

Lissafi zai kwantar maka da hankali. Bugun Madina yana da shafi 604. Mai karanta shafi ɗaya bayan kowace salla zai sauke cikin kusan wata huɗu. Mai bin sumuni ɗaya a rana, cikin sumuni 480 da ke izu sittin, zai sauke cikin shekara da wata huɗu, wanda ya fi na mai jiran Ramadan kaɗai. Naira 200 kullum ta zama 6,000 a wata, 73,000 a shekara. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Hattara: ranar da ka ji ƙarfi za ka so ka ninka sau goma. Babu laifi ka ƙara, amma kada ka mayar da shi sabon ma'auni. Gobe abin da ake binka rabin shafin nan ne dai.

Mataki na 4: Ɗaure shi a turke

Sabon hali kamar ɗan akuya yake, in ba a ɗaure shi a turke ba sai a neme shi a rasa. Turken shi ne wani abu da ka riga ka saba yi kullum ba tare da tunani ba. A nan muna da sa'a, domin salloli biyar sun riga sun raba mana yini, kuma ladan yana kira ko da wuta ko babu, ko waya na da caji ko ta mutu.

Ka rubuta jimla ɗaya a shafin farko na littafinka, da turke da aiki da wuri: "Idan na sallame sallar Asuba na gama azkar, zan buɗe Alƙur'ani in karanta rabin shafi kafin in tashi daga kan darduma." Ko: "Idan na ja ƙofar shago zan rufe, zan rubuta layi uku kafin in sa kwaɗo." Ko: "Idan yara suka fita Islamiyya da La'asar, zan jefa 200 a asusu kafin in ɗora tukunya."

Kalmar "kafin" ita ce mai aikin. Ɗauki mai shagon kayan masarufi a Tudun Wada ta Gusau. Ya shigo da buhunan da ke waje, ya kashe fitila, ya sa kwaɗo, ya hau babur. Idan ya ce sai ya isa gida zai rubuta ciniki, to a gida akwai tuwo, akwai yara, akwai gajiya, kuma ya riga ya manta wa ya karɓi mudun sukari bashi da hantsi. Amma idan littafin yana rataye a ƙusa ɗaya da kwaɗon, hannunsa ba zai kai ga kwaɗo ba sai ya taɓa littafi. Minti biyu ne a tsaye.

Turke nagari yana da sharuɗɗa uku: yana faruwa kullum, a wuri ɗaya, kuma bayansa akwai ɗan sarari. Shi ya sa bayan Asuba da bayan Isha'i suka fi bayan Azahar ga ɗan kasuwa, wanda ke sallamewa yana sauri ya koma wurin ciniki. Agogo kuma turke ne mai rauni. "Ƙarfe bakwai" zai same ka yau a gida, gobe a layin gidan mai.

Hattara ga mata: idan kin ɗaura halin a kan salla kaɗai, kwanakin al'ada za su tsinke shi duk wata, kuma da yawa daga nan ne ba sa komawa. Ki ɗaura shi a kan jin kiran salla, ko a kan abin da ba ya tsayawa, kamar dama kunun safe ko shimfiɗa wa yara. Mai shayarwa ta zaɓi abin da ke biyo bayan barcin jariri na hantsi, kada ta dogara da wani ƙarfe.

Mataki na 5: Gyara wurin tun da dare

Duk abin da sai ka nema kafin ka fara, zai ci rabin niyyarka. Alƙur'ani da tabarau su kwana kusa da darduma, da alama a shafin. Takalmin tafiya ya kwana a bakin ƙofa. Canjin da za a jefa a asusu a ware shi tun wurin ciniki a aljihu daban, don in dubu ɗaya ce a hannunka ba za ka jefa ba, za ka ce sai an samu canji. Maganin hawan jini da ake sha da safe a ajiye shi inda ake ajiye kofin shayi, a sama inda hannun yaro ba ya kai.

Hattara ga masu tafiyar safe: daga Maris zuwa Mayu zafi a Birnin Kebbi da Gusau kan wuce digiri 40, don haka ko dai bayan Asuba ko dab da Magariba, da ruwa a hannu. A tsaya cikin gari inda mutane ke zirga-zirga. Halin tsaro a sassa da dama na Zamfara da wasu yankunan Kebbi bai ba da damar bin hanyar gona da duku-duku ba. Zagayen tsakar gida ko filin makarantar unguwa ya wadatar. Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi na sarƙewa ya tsaya ya ga likita kafin ya ci gaba.

Mataki na 6: Sa alama, ka san tsawon tafiyar

Da ka gama, ka ja alama a ranar a kalanda, nan take. Alamar tana nufin an yi mafi ƙarancin abin, ba ta auna yawa. Kalandar ta kasance inda kake gani kullum, ba cikin waya ba, musamman in wayar ce abokiyar faɗan.

Za ka ji ana cewa kwana 21 ya isa hali ya zauna. Kada ka gina tsammaninka a kai. A binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL ta Landan, wanda ya fito a 2009, matsakaicin lokacin da sabon aiki ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, kuma tazarar ta kama daga kwana 18 har zuwa 254. Abu mai sauƙi irin shan ruwa ya fi motsa jiki saurin zama. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya bai rusa aikin ba. Saboda haka ka ba kanka wata uku. Alamar cewa halin ya zauna ita ce ranar da ka ga hannunka ya kai ga littafin kafin ka tuna, ko ka ji wani iri in ba ka yi ba.

Mataki na 7: Ƙari

Kada ka ƙara komai sai ka samu mako biyu a jere da aƙalla alama shida cikin bakwai. Sannan ka ƙara ɗan kaɗan: rabin shafi ya zama shafi, minti biyar ya zama goma, 200 ta zama 300. Idan bayan ƙarin ka fara tsallake kwanaki, ƙarin ya yi yawa, ka koma inda kake. Ga mai tafiya, inda ake so a kai shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, da saurin da zai ɗan ɗaga numfashi amma kana iya magana. Wata biyu ko uku kafin a kai can ba jinkiri ba ne.

Hattara ga masu asusu: kada a bar takardun kuɗi shekara guda a rufe. Gara da laima suna ci, tsadar kaya tana rage musu daraja, kuma wanda ya ga canjin kuɗi na farkon 2023 ya san abin da ya sami masu ajiya a gida. A buɗe duk ƙarshen wata a kai banki, ko a mayar da shi kaya, kamar hatsi lokacin kaka ko 'yar tunkiya. Kada kuma a riƙa kai 200 wurin mai POS kullum, kuɗin caji zai cinye wani kaso. A tara a kai sau ɗaya. Mai shiga adashe ya ɗauki zubin da zai iya biya a makon da kasuwa ta mutu, kuma ya yanke abin da zai yi da kwasarsa tun kafin ta zo, in ba haka ba biki ne zai yanke masa.

Mataki na 8: Barin mummunan hali

Ana cewa hali zanen dutse, amma yawancin abin da muke kira hali sabo ne da wuri da lokaci suka riƙe. Ka koma ga littafinka na mako na farko. Kowane mummunan sabo yana da abin da ke tayar da shi, yana kuma da wata buƙata da yake biya: hutu, hira, kawar da barci, ko mantawa da damuwa. Aikin iri biyu ne kuma tare ake yin su. Ka nisanta abin daga hannunka, ka kuma sa wani abu a gurbinsa. Wanda ya cire bai maye ba, ya bar rami, kuma tsohon abin ne zai dawo ya cike shi.

Waya da dare. Ka sa mata wurin kwana a wajen ɗakin barci, ko aƙalla inda sai ka miƙe tsaye za ka kai gare ta. Ƙararrawar Asuba ta koma kan agogo ko ƙaramar waya, wadda kuma ita za ta karɓi kiran gaggawa. Ka fara da ajiye ta minti 30 kafin lokacin da ka saba barci, ka riƙa jawo lokacin baya da minti 15 duk mako. Ka kashe sanarwar guruf-guruf, ka cire TikTok daga fuskar farko, ka sa masa iyakar minti a Digital Wellbeing. Sayen datar dare mai rahusa shi ne babban tarko, domin wanda ya saya sai ya ga asara ce ya kwanta bai cinye ba. A gurbinta: rediyo, littafi, ko hira da iyali. Masu kai waya shagon caji suna da dabara a hannu, su kai ta da Magariba su karɓo da safe idan mai shagon amintacce ne.

Sukari. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kusan giram 4, babban cokali kusan ninki uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, kuma giram 25 ya fi, wato ƙananan cokula shida. Kofi ɗaya da mai shayi ya zuba wa manyan cokula uku ya riga ya haura wannan na biyun, ba a zo kan lemon kwalba, kunu da fura ba. Ka fara cewa a miƙo maka sukarin ka zuba da kanka. Ka rage rabin ƙaramin cokali duk mako. Harshe yana sabawa, bayan 'yan makonni tsohon haɗin zai yi maka zaƙi fiye da kima. Hattara: mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura kada ya yi babban sauyi a abinci sai da sanin likitansa, don sukarin jini na iya faɗuwa ƙasa.

Goro da shayi mai kauri. Sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka goron bayan La'asar yana nan tare da kai a kan gado. Ka fara da yanke na yamma, ka bar na safe. Ka daina saye da yawa kana yawo da shi a aljihu, ɓari ɗaya ya isa fita. A gurbinsa aya, gyaɗa ko asuwaki, don baki ya samu abin yi. Wanda ya yanke gaba ɗaya rana ɗaya zai iya samun ciwon kai da kasala na 'yan kwanaki, wani har mako; ba wata cuta ba ce, yana wucewa.

Sigari da shisha. A nan ragewa shiri ne kawai, sai an sa ranar dainawa, cikin mako biyu zuwa huɗu. Kafin ranar ka riƙa jinkirta karan farko na safe da rabin awa, ka daina sha a wurare ɗaya bayan ɗaya. Daren ranar ka fitar da kwali, ashana da laita daga gida da aljihun babur. Sha'awar takan taso da ƙarfi ta kwanta cikin 'yan mintoci, don haka ka shirya abin yi na minti goma: alwala, kofin ruwa, asuwaki, tafiya zuwa ƙarshen layi. Kwanaki ukun farko zuwa mako guda su ne mafi tsanani, daga mako na biyu zuwa na huɗu abin yana sauƙi. Kuɗin da ka saba kashewa ka jefa shi a asusu kullum, ka ga abin da ya taru. Shisha ba ta fi sigari sauƙin illa ba, ruwan tukunyar ba ya tace gubar hayaƙin.

Mataki na 9: Majalisa

Mafi yawan komawa ruwa a cikin mutane yake faruwa. Bayan Isha'i an baje tabarma, wani ya kunna, ya miƙo maka, ka ce a'a, sai ka ji: "Kai haba, yau kuma ka koma ustazu?" Idan ba ka shirya amsa ba, kunya za ta sa ka karɓa. Ka tanadi jimla ɗaya gajeriya ka riƙa maimaita ta ba tare da wa'azi ba: "Na aje ta, abokina, ku taya ni da addu'a." Wa'azi yana jawo musu, addu'a kuwa ba mai ƙin amsawa da amin.

Ba sai ka yanke zumunci ba. A watan farko ka canza wurin zama zuwa nesa da mai kunnawa, ka riƙe kofi ko carbi a hannu, ka tashi da wuri. Idan majalisar ba ta da wani abin haɗi sai wannan abin, to ka ɗauke ƙafa na wata guda, ka riƙa gaisawa da su da rana.

Ka faɗa wa mutum ɗaya, wanda zai tambaye ka duk Juma'a ba tare da gori ba: yayanka, matarka, ko abokin sahu a masallaci. Sanarwa a Facebook ba ta da amfani a nan. Yabon da za a yi maka tun ba ka fara ba yana kashe ƙishin yin aikin.

Mataki na 10: Abin da ba a bari a gida

Wannan jagora ba ta isa ga wanda jikinsa ya kamu da tramadol, maganin tari mai kodin, ƙwayoyin barci irin diazepam, ko giya ba. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yanzu ana samunsa a ɓoye, kuma ba wanda ya san abin da ke cikin kwalbar. Yanke tramadol ko kodin rana ɗaya yana kawo zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da firgici. Yanke ƙwayoyin barci ko giya kwatsam ga wanda ya daɗe a kai yana iya kawo jijjiga, har ya kai ga rasa rai. Likita ne ke tsara yadda za a rage.

A fara da babban asibitin gwamnati mafi kusa, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Idan abin ya yi nisa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da sashen ba da shawara. Ɗaure mutum da mari ko kulle shi a ɗaki ba magani ba ne.

Hattara: wanda ya daina tramadol ko kodin na wasu makonni, jikinsa ya rage juriya. Idan ya koma ya sha adadin da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. Iyalai su san wannan.

Mataki na 11: Ranar da aka faɗi

Za a faɗi, don haka a shirya. Dokar ita ce kada a tsallake kwana biyu a jere. Washegari a yi mafi ƙarancin abin, ba ramuwa. Mai cewa zai rama shafi goma na kwana goma yakan ƙare bai karanta ko ɗaya ba. Mai barin sigari da ya sha kara ɗaya a wurin biki ya jefar da sauran a daren, ya ci gaba da lissafinsa da safe. Ka rubuta layi ɗaya a littafi: ina ne, da wa, me ya faru. Idan dalili ɗaya ya fito sau uku, turken ne ko wurin ke buƙatar gyara.

Akwai lokutan da aka san tsari na rushewa, gara a tare su tun kafin su iso. Manomin shinkafa a fadamun Argungu, Augie ko Suru, lokacin dashe da yanka ba shi da safiya. Ya mayar da turkensa bayan Isha'i, ya rage aikin zuwa rabi har a gama. Mai albasa a Aliero haka lokacin cira. Direba da fatake masu kwana a hanya su zaɓi turken da ke tafiya da su, kamar kashe mota a tasha ko sallar farko a masauki, littafin kuma ya zauna a aljihun gaban mota. Makon biki ko zaman makoki, a tsaya kan mafi ƙaranci kawai. Hunturun Disamba da Janairu yana kashe tafiyar Asuba, a mayar da ita bayan La'asar.

Azumi kuma a yi amfani da shi da lissafi. A goman ƙarshe ka yanke abu ɗaya da za ka fita da shi, ka rage shi zuwa girman da ke Mataki na 3, ka rubuta sabon turkensa, domin sahur da asham ba za su kasance ba. Alamar farko a kalanda ta hau ranar Salla kanta, ko da layi biyar ne kafin a tafi idi.

Idan wata uku ya cika kuma alamomin watan ƙarshe sun kai 25 cikin 30, ka buɗe sabon shafi ka koma Mataki na 1 da abu na biyu. Na farkon yanzu ya isa ya zama turken na biyun: bayan rabin shafi sai tafiyar minti biyar, bayan rubuta ciniki sai ware na asusu. Idan alamomin ba su kai ba, kada ka ɗauko sabo. Ka raba aikin biyu, ka canza turke, ka ƙara wata guda.